Hayaniyar unguwa ce ke cinye mana bacci a Amurka, ko a jini abin yake?

Wani ɗan'uwa daga unguwar Bronx a birnin New York ya turo min tambaya mai tsawo, bari in taƙaita ta. Shekarunsa 47, direban tasi ne, kuma shekara shida kenan tagar ɗakin kwanansa tana kallon babban titin nan na Cross Bronx. Likita ya ce masa jininsa ya hau, ya tambaye shi awa nawa yake bacci, ya ce in ta yi yawa biyar. Sai kuma ya ji ana cewa wai dama baƙaƙen fata a Amurka ba sa samun bacci kamar farare, shine yake son sani ko abin a jini yake ko hayaniyar unguwa ce. Ya ƙara da cewa in dai hayaniya ce to shi kam ya saba, don a zangon Kumasi ya tashi inda lasifika da rediyon maƙwabta ba sa mutuwa, kuma yanzu ko tirela ce ta wuce ba ya farkawa.

To ɗan'uwa Allah ya ƙara lafiya. Zan fara da wannan "na saba" ɗin naka, don ita ce kalmar da na fi ji a bakin mutane cikin shekarun da na yi ina aiki a ɗakin gwajin bacci, inda muke manna wa mutum wayoyi a kai da haɓa da ƙirji, mu kashe masa fitila mu koma ɗakin gefe muna kallon abin da ƙwaƙwalwarsa ke yi a kwamfuta har gari ya waye. Akwai wani dattijo da ba na mantawa da shi, shima direba ne, tun muna manna masa wayoyin yake min alfahari wai shi ko ganga aka buga a kansa ba ya motsi. Wajen ƙarfe biyu na dare wata ma'aikaciya ta tura keken kaya ta baranda, ƙafar keken ɗaya tana ƙiiii, wallahi ina kallon allon layukan ƙwaƙwalwarsa da suke tafiya manya manya a hankali kamar raƙumi na taku sai suka tsinke suka koma ƙanana masu sauri, bugun zuciyarsa ya tashi, bayan 'yan sakanni ya koma baccin amma ba mai zurfin da aka fizgo shi daga ciki ba. Ido bai buɗe ba, ko juyi bai yi ba. Da safe na ce Baba ya kwana, ya ce ai kamar gawa.

Kuma ba ƙarya ya yi ba. Mutum ba ya tuna farkawar da ba ta ɗan jima ba, mu kuwa a awonmu daga sakan uku muke fara lissafa ta. Ido yana da murfi, kunne ba shi da shi, duk daren yana kai wa ƙwaƙwalwa rahoto. Abin da ke sabawa shi ne haushin da kake ji da farkawar da kake tunawa, amma zuciya da jijiyoyin jini sabonsu kaɗan ne ƙwarai. A 2008 an fitar da wani bincike da aka yi a Turai kan mutum 140 da ke zaune kusa da filayen jirgin sama huɗu, har da Heathrow na Landan da na Athens, an ɗaura musu abin awon jini mai aunawa duk minti 15 a cikin dare, aka ga duk sanda jirgi ya wuce lambar sama ta jini tana ƙaruwa da kusan 6, ta ƙasa da kusan 7, mutanen suna bacci abinsu. Kuma ba jirgi kaɗai ba, ƙarar mota ma haka, har minsharin abokin kwana ya yi irin wannan aikin. Ka lissafa tirela nawa ke bi ta Cross Bronx tsakanin sha biyun dare da asuba, sannan ka ninka da shekara shida.

Me ya sa wannan ya dame ni a kanka musamman? Jinin mai lafiya da dare sauka yake, kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari ƙasa da na rana, lokacin ne zuciya da ƙoda suke ɗan shan iska. Wanda jininsa ba ya sauka da dare ya fi shiga haɗarin shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya da na ƙoda ko da awon da aka yi masa da rana a asibiti bai yi muni ba, kuma an daɗe da lura cewa wannan rashin saukar ya fi yawa a baƙaƙen Amurka, waɗanda dama fiye da rabin manyansu suna da hawan jini.

Yanzu maganar da ka ji cewa baƙaƙe ba sa samun bacci kamar farare, gaskiya ce, ba zancen shayi ba ne. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta tambayi ɗaruruwan dubban mutane a 2014, ta samu kusan kashi 46 cikin ɗari na manyan baƙaƙe ba sa kai awa bakwai a dare, farare kuwa kashi 33. Wannan ma abin da mutane suka faɗa da bakinsu ne, kuma kowa ƙara wa kansa yake yi. Da aka ɗaura wa mutane agogon awon motsi a Chicago, binciken da ya fito a 2006, matan farare sun samu awa 6.7, mazansu 6.1, matan baƙaƙe 5.9, mazan baƙaƙe kuma 5.1. Kaga awa biyar ɗinka ba kai kaɗai ba ne, layin ku da tsawo.

Sai dai kafin ka ce jini, tambayi adireshi tukuna. A 2017 wata mai bincike Joan Casey da abokan aikinta sun ɗauki taswirar ƙara ta duk faɗin Amurka suka ɗora a kan ƙidayar jama'a, suka ga a birane unguwannin da kashi 75 na mazaunansu baƙaƙe ne tsakiyar ƙarar darensu desibel 46.3 ce, waɗanda babu baƙi ko ɗaya kuma 42.3. Za ka ce huɗu kawai? Desibel, wato ma'aunin ƙarfin sauti, ba kamar kwanon awo ba ne da huɗu ke nufin huɗu. Duk ƙarin uku ninki biyu ne na ƙarfin sautin, to huɗu ya kai wajen ninki biyu da rabi. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2009 ta ce a ƙoƙarta ƙarar dare a wajen gida kar ta wuce 40, a 2018 kuma ta sa 45 ga ƙarar motoci, 40 ga ta jiragen sama, cikin ɗakin kwana kuwa 30 take so. Kaga wannan huɗun a daidai bakin iyaka ta faɗo, wani yana ciki wani yana waje. Kuma wannan tsaka-tsaki ne fa, gidan da ke fuskantar babban titi irin naka ya yi wa waɗannan lambobin fintinkau.

Kuma ba ruwan sama ne ya zubo da titunan nan a unguwannin baƙaƙe ba, mutane ne suka zauna a ofis suka ja layi. A shekarun 1930 wata hukumar bashin gidaje ta gwamnatin tarayya ta zana taswirorin birane, inda baƙaƙe suke sai a shafa masa jan launi a ce wurin haɗari ne ga mai ba da bashi, banki ya ƙi ba da kuɗin saye ko gyara, darajar gidajen ta faɗi. Da aka zo 1956 aka yi dokar gina manyan titunan da suka haɗa jihohi, ina za a bi? Inda ƙasa ta fi araha kuma mutanen ba su da bakin magana a majalisa. Haka aka tsaga unguwar Rondo a birnin St. Paul da titin I-94, aka tsaga unguwar Overtown a Miami da I-95, a New Orleans aka sare itatuwan da ke layin Claiborne aka ɗora gadar I-10 a kan kasuwar baƙaƙe. Naka titin ma Robert Moses, babban jami'in gine-ginen New York na lokacin, ne ya fara shi a 1948, kuma don adalci a faɗa, lokacin da ya ratsa unguwar East Tremont yawancin mazauna wurin Yahudawa ne masu ƙaramin ƙarfi, amma da titin ya zo duk mai halin tashi ya tashi, waɗanda suka maye gurbin su ne waɗanda kuɗinsu nan ya kai, baƙaƙe da 'yan Puerto Rico, daga baya kuma mu 'yan Afirka ta Yamma muka zo muka tarar da hayar da aljihunmu zai ɗauka. Kai da ka zo daga Kumasi kakanninka ba su san wata jar taswira ba, amma gadonta kake kwana a kai. Sai ka haɗa da jirgin ƙasa mai bi ta saman titin Jerome, da jiniyar motar asibiti da ta 'yan kwana-kwana, da tsofaffin benaye masu taga falle ɗaya da bangon da in maƙwabci ya yi atishawa sai ka ce masa yarhamukallah.

Amma zan yi maka ƙarya in na ce hayaniya ce kaɗai. Wata mai bincike Chandra Jackson ta duba ma'aikatan Amurka a 2013 ta ga wani abin mamaki, farare in suka hau matsayi a aiki baccinsu ƙaruwa yake, baƙaƙe kuwa in suka hau raguwa yake, har ratar ta fi faɗi a tsakanin manyan ma'aikata. Waɗannan ai ba duka ke kwana a gefen titi ba. Akwai aikin dare da aiki biyu-biyu da suka fi yawa a cikinmu, akwai doguwar tafiya zuwa wurin aiki, akwai damuwar wariya da mutum ke ɗaukowa daga ofis ya kwanta da ita, mu 'yan ci-rani kuma ga ƙarin wayar gida da ke shigowa ƙarfe uku na dare saboda can gari ya waye kuma kuɗin makaranta ba ya jira.

Nan ne ma zancen zangonka ya shigo, kuma ina ganin kana da 'yar gaskiya a ciki. Ƙwaƙwalwar mai bacci ba ƙarfin sauti kawai take aunawa ba, har ma'anarsa take dubawa, shi ya sa uwa za ta yi bacci ana ruwa da tsawa amma jaririnta na yin ɗan ƙus ta tashi zaune. Kiran sallah da muryar mai koko da hirar maƙwabtan da ka san sunan kowa, duk suna ce wa ƙwaƙwalwa lafiya lau kana gida. Jiniya da ihu a ƙasan bene da wani tas tas da sai ka tsaya kana tunanin wasan wuta ne ko bindiga ce, waɗannan cewa suke tashi ka duba ƙofa. A binciken zuciya na birnin Jackson da ke jihar Mississippi, wanda aka fara a 2000 da baƙaƙe sama da 5,000, waɗanda suka ce ana tashin hankali a unguwarsu sun fi ƙarancin bacci da rashin daɗinsa. Mutumin da ke kwana da kunne ɗaya a buɗe saboda yaransa, ko unguwar ta yi tsit bai gama sakin jiki ba. Duk da haka kar mu yi wa hayaniyar gida kwalliya da yawa, janaretan maƙwabci a Kano ko Kumasi shima yana tayar da bugun zuciya, kawai dai lokacin kana ɗan shekara ashirin ne kuma ba wanda ya auna ka.

Yanzu ga abin da na fi so ka riƙe, in ma ka manta sauran. Namiji, shekara 47, zama a mota duk yini, hawan jini, bacci ba ya isa: kafin in ɗora wa tirela laifi duka sai na tabbatar numfashinka ba ya ɗaukewa a cikin bacci. Ciwo ne da maƙogwaro ke rufewa in mutum ya yi nisa, numfashi ya tsaya sakan goma ko fiye, iskar jini ta ragu, ƙwaƙwalwa ta fizgo shi ya ja numfashi da wani gurnani ya koma, wani sau talatin a awa ɗaya, wani fiye, kuma da safe bai san an yi ba. A wancan binciken na birnin Jackson dai an gwada mutum sama da 800 a gidajensu, kusan kashi 24 cikin ɗari suna da shi matsakaici ko mai tsanani, kuma kashi 95 na masu shi ba likitan da ya taɓa gaya musu. Mu kuma mun ɗauki minshari abin tsokana ne ko alamar an sha gajiya. Na ga mutane da yawa da suka zo suna zagin titi da maƙwabta, muka gwada muka tarar babbar hayaniyar daga maƙoshinsu take fitowa. Ka tambayi uwargida, ita ce shaidar gani da ido: ina minshari mai ƙarfi? Kin taɓa ganin na yi shiru kamar numfashi ya tsaya sannan na shaƙe? Kai kuma ka duba kanka, kana tashi fitsari sau biyu uku, kana wayar gari da ciwon kai da bushewar baki, kana gyangyaɗi a jan danja? In eh ne ko da biyu daga ciki, ka ce wa likitanka kai tsaye kana son gwajin bacci, yanzu har na gida ana bayarwa ka kwana da shi ka mayar. Abu ɗaya da zan ja kunnenka, ɗan abin nan da ake maƙalawa a yatsa don auna iskar jini, an nuna a 2020 cewa a baƙar fata yakan nuna lamba sama da gaskiya, to in sakamakon gida ya ce lafiya lau alhali alamun suna nan, kar ka haƙura, ka nemi a yi maka cikakken a asibiti. In an same shi akwai na'urar CPAP mai hura iska ta hanci, satin farko za ka ji kamar ka yi jifa da ita, ka daure. Kuma dan Allah gyangyaɗi a kan sitiyari ba abin jira ba ne, rayuka kake ɗauke da su.

Ita kuma hayaniyar, ba zan ce maka ka tashi daga gidan ba, na san kuɗin haya a New York, mai ba da wannan shawarar bai taɓa neman ɗaki ba. Fara da aunawa. In iPhone gare ka akwai manhajar awon sauti ta NIOSH, hukumar lafiyar ma'aikata ta Amurka, kyauta, ka ajiye wayar a kan filo wajen ƙarfe ɗaya na dare taga a rufe, ka duba tsaka-tsakin da kuma inda take kaiwa in babbar mota ta wuce, sannan ka je ɗakin da ke bayan gidan ka sake. Sau da yawa bambancin gaba da baya ya kai desibel goma, wanda a kunne rabin ƙarar kenan. In haka ne a yi musanya, ɗakin baya ya zama na kwana ko da ya fi ƙanƙanta, falo ya dawo gaba, na san uwargida za ta yi ƙorafin kujerunta amma a lallaɓa ta. In ba hali, a matsar da kan gadon daga bangon taga.

Sauti kamar ruwa yake, duk inda iska ta samu kafa nan yake bi. Ka bi gefen taga da tafin hannu lokacin sanyi, inda ka ji iska na shigowa nan ƙarar ke shigowa, ka sayo robar liƙe taga mai arha ka toshe, ƙasan ƙofa ma haka. Babbar kafa ita ce gefen na'urar sanyaya ɗaki da ake maƙalawa a taga, waɗannan fikafikan roba na gefenta ba sa tare komai, ka cika su da soso mai kauri, in zafi ya wuce ka cire ta gaba ɗaya. Labule mai nauyi yana rage haske da amsa-kuwwa, amma rugugin tirela ba ya jin labule, kar a cuce ka da talla.

Toshin kunne na soso yana aiki in an sa shi daidai, yawancin mutane ba su iya ba: ka murza shi ya zama siriri, ka ja saman kunnen da ɗaya hannun ta bayan kai, ka tura ka riƙe har ya kumbura a ciki. Lambar da ke jikin kwalin, 30 ko 33, ta ɗakin gwaji ce, a gado ba ka samun duka. Ka gwada da rana ka tabbata kana jin ƙararrawar gobara da shi a kunne, sallar asuba kuma agogon hannu mai girgiza ya fi maka. Fanka ko na'ura mai shuuu ɗin nan tana taimakon wasu, don abin da ke tayar da mutum shi ne tsallen sauti daga shiru zuwa ƙara, ita kuma tana cike ramin, amma hujjarta a bincike ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba, kuma in ka ƙure ta ka ƙara wa kanka wata hayaniyar ne, ka bar ta ƙasa ƙasa nesa da kai.

Na san direbobi, kofi a kofin takarda tun safe, da yamma a zauna ataya, ga goro a aljihu. Sinadarin da ke cikinsu bayan awa biyar rabinsa yana nan a jini, yana sa baccin ya zama sama sama yadda ƙaramin motsi zai tsinka shi, to awa takwas kafin kwanciya ka rufe wannan shagon. Ƙwayar bacci kuwa kar ka saya da kanka, in akwai ɗaukewar numfashi wasunsu ƙara ta suke, kuma da safe kana tuƙi da saura a kai. Ka roƙi likita ya ɗaura maka abin awon jini na awa 24, shi zai nuna ko jininka na sauka da dare, wanda awon ofis ba zai taɓa nunawa ba.

Ƙorafi ga hukuma fa? Layin 311 na birnin yana amfani ga mashaya mai kiɗa ko masu gini da dare, amma ba zai tsayar da babban titi ba. A matakin tarayya ma an yi dokar hana hayaniya a 1972, sai gwamnatin Reagan ta yanke wa ofishin da ke kula da ita kuɗi a farkon shekarun 1980, aka bar wa jihohi da birane. Amma kar ka ce ba a taɓa cin nasara ba, nan kusa da ku a Inwood, wata mai bincike Arline Bronzaft ta nuna a 1975 cewa yaran wata firamare da ajinsu ke gefen jirgin ƙasa sun koma baya a karatu har kusan shekara guda idan aka kwatanta da na ɗaya gefen ginin, aka matsa lamba aka sa roba a ƙasan layin dogon aka gyara silin ajujuwan, da ta dawo ta sake aunawa ratar ta rufe. Maganar rufe wasu sassan Cross Bronx a yi lambu a sama ma ana ta yinta, kuma a taron unguwa ake yinta, inda mu ba ma zuwa don muna kan hanya muna neman fasinja.

Ka yi awon nan dare uku, gaba da baya, ka rubuta lambobin tare da lokacin da ka kwanta da lokacin da ka tashi da kofi nawa ka sha, ka haɗa da abin da uwargida ta ce game da minsharin, kalma da kalma ba tare da ka gyara mata ba. Da wannan takardar za ka shiga wurin likitan.